Ƙuman Ofishinmu Ba Sa Mutuwa

Duk wanda ya tambaye ni aikin da nake yi, nakan ce masa a ɗakin gwaje-gwaje nake, in ja bakina in yi shiru. Idan ya matsa, sai in faɗa masa gaskiya: kiwon ƙuman ruwa nake yi, sannan in ba su guba in ga ko za su mutu. Daga nan hira takan mutu ita ma. Akwai wata ƙanwar mahaifiyata da har yau take yi mini addu'ar Allah ya ba ni aiki.

Ƙuman ruwa ba irin wanda ke cizon kare ba ne. Wasu mitsi-mitsin halittu ne da ke zaune a tafki da rafi, ba su fi kan allura ba, jikinsu garai-garai har kana hango zuciyarsu tana bugawa idan ka sa madubin ƙara girma. Iyonsu tsalle-tsalle ne, shi ya ja musu sunan. Kusan dukansu mata ne, kuma haihuwarsu suke yi ba tare da sun nemi namiji ba, abin da ya sa nake ganin girmansu tun ranar da na fara aiki. Amfaninsu a wurinmu shi ne rakinsu. Abu kaɗan ke kayar da su. Saboda haka idan kamfani yana neman izinin sakin ruwan wanke-wankensa cikin rafi, sai ya kawo mana sinadarin da ke ciki, mu ba ƙuma su ɗanɗana tukuna.

Gwajin ba shi da wuya. Ka jera kofunan gilashi. Na farko ruwa ne zalla, shi ne shaida. Na biyu ka ɗiga masa sinadarin kaɗan, na uku ka ninka, haka har na ƙarshe da ya fi kowanne ƙarfi. Kowane kofi ka tsotso jariran ƙuma biyar da ɗan bututu ka saka, ba abinci. Bayan kwana biyu ka dawo, ka juya kofin a hankali, ka zuba ido. Wadda ta tashi ta yi iyo ta tsira. Wadda ta kwanta a ƙasa ta ƙi motsi, guba ta kayar da ita. Idan ƙuma suka zube, to kifi ma yana hanya, domin ruwan da ya fi ƙarfinsu ba ya barin na gaba da su.

A ƙa'ida, idan an gama, duk abin da ke cikin kofunan zubar da shi ake yi, masu rai da matattu. Haka aka koya mana a makaranta, haka ake yi ko'ina da ake da hankali. Ban da ofishinmu.

A ofishinmu akwai Mai Sito. Wani dogon mutum ne mai yawo da tarin makullai a ƙugu, wanda ya yi imani cewa an halicci duniya ne domin a rubuta mata lamba da jan fenti. Kujera tana da lamba, fanka tana da lamba, butar banɗaki tana da lamba. Babban tankin gilashin da muke kiwon ƙuma a ciki ma yana da tasa, kuma tun ranar da aka kawo shi aka shigar da shi a matsayin "tanki ɗaya da abin da ke cikinsa". Ke nan ƙuma kayan ofis ne. Kayan ofis kuwa ba a zubar da shi sai kwamitin zubar da kaya ya zauna ya amince. Kwamitin nan bai zauna ba tun kafin a ɗauke ni aiki, shi ya sa barandarmu ta cika da kujeru masu ƙafa uku da matattun fankoki, kowanne yana jiran hukunci.

Makon da na fara aiki, ina cikin juye ragowar wani gwaji a kwatami, sai na ji ƙarar makullai a bayana.

"Malama, me kika zubar?"

"Ragowar gwaji ne."

"Masu rai?"

"Sun sha guba ai. Ba a sake aiki da su."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ni ma na sha wuya a gidan nan, kin ga an zubar da ni? Wadda ta mutu, Allah ne ya karɓi abinsa, ba ni da magana. Amma wadda take motsi tana cikin lissafina. A mayar da ita tanki."

Na garzaya wurin Darakta, wani gajere mai tumbi da ba ya rabuwa da alƙalami mai ruwan zinare. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yaba da kishina, ya ce zai duba lamarin. Har yau dubawa yake yi.

To ku lissafa da kanku. Shekara da shekaru, duk ƙuman da ta sha sabulu ta tashi, da wadda ta sha rini ta tashi, da wadda ta sha maganin ciyawa ko ruwan batir ta tashi, ana mayar da ita tanki ta ci gaba da haihuwa. Masu raki sun ƙare tuntuni. Abin da ya rage mana jikokin jikokin waɗanda mutuwa ta gani ta kauce ne. Akwai wata sananniyar guba da ya kamata a riƙa gwada su da ita lokaci-lokaci, don a tabbatar har yanzu suna jin jiki. Kwalbarta ta ƙare kafin zuwana, kuma buƙatar sayen wata tana kan teburin wani bawan Allah tana hutawa.

Ofishinmu ya yi suna. Kamfanoni sukan tsallake ɗakunan gwajin da ke ƙofar gidansu su taho wurinmu, bangon Darakta ya cika da allunan yabo har wasu sai a ƙasa aka jingine su. Abin alfaharinsa a kowane taro shi ne ba a taɓa kawo mana kaya ya faɗi ba. Ni kuwa a ƙasan kowane sakamako nakan ƙara layi ɗaya, in ce ban amince da ƙuman da aka yi gwajin da su ba. Sai dai injin buga takardu na ofishin Darakta yana da wata lalura, ba ya iya fitar da layin ƙarshe.

Haka muke har abin ya biyo rafi ya iso bayan gidanmu.

Babana direban motar ma'aikata ne, ya yi ritaya. Da abin da aka sallame shi da shi ya haƙa tafkin kifi a bayan gidanmu, can gefen gari, ya yanko 'yar magudana daga rafi tana kawo masa sabon ruwa ta gefe guda, tsohon yana fita ta ɗaya gefen. Karfasa ya zuba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana zagin masu babur ta taga, sai ga shi ya koma yi wa kifi hira. Yana da wani tsohon kwanon silba da cokali. Da yamma sai ya zauna a kan bencinsa ya ƙwanƙwasa kwanon, kafin ya watsa abinci ruwan ya fara ɓulɓula, kifayen suna ture juna, shi kuma yana yi musu faɗa a kan haɗama. Mama ta ce tun da ya fara wannan kiwo hawan jininsa ya sauka, nata ma haka.

A saman rafin aka gina kamfanin fenti. Suna son su riƙa wanke manyan tukwanen haɗinsu da wani sabon sinadari, su saki ruwan cikin rafi. Da Baba ya ji cewa ofishinmu ne zai yi gwajin, sai ya bi maƙwabta masu lambu ɗaya bayan ɗaya yana ce musu su kwanta su yi barci, 'yarsa ce a wurin.

"Uwata," ya ce da ni, don haka yake kirana, "duk abin da ƙumanki suka ce, ni na yarda. Ai ba a yi ƙarya da bakin dabba."

Na kawar da kai, na shiga taya shi watsa wa kifi abinci.

Wakilin kamfanin da ya kawo sinadarin, Mai Turare muke kiransa, domin kafin ya shigo ƙamshinsa ya riga shi, bayan ya fita kuma sai mun buɗe tagogi. Ya shigo da 'yar jarka, ya sa safar hannu biyu-biyu, ya riƙe ta nesa da kwat ɗinsa kamar wanda ya ɗauko jaririn da ya ɓata wando. A haka yake shaida mini cewa sinadarin nan ko wanka aka yi wa yaro da shi babu abin da zai same shi.

Da na buɗe jarkar sai da idanuna suka kawo ruwa. Ɗigo ɗaya ya gangaro ta jikin kofi, ya lashe rubutun da na yi da alƙalamin da ko soso ba ya gogewa. Na jera kofuna, na zuba jarirai, na yi musu fatan alheri.

Bayan kwana biyu na dawo. Ko ɗaya ba ta kwanta ba. Na kofin ƙarshe, wanda warinsa ke sa ni atishawa, su suka fi kowa tsalle. Na tsaya a kansu ina jin haushi kamar in mare su. Ban taɓa roƙon mutuwar wata halitta ba sai ranar. Na ce, haba bayin Allah, ko mutum biyu ku daure ku suma mana. Ko a jikinsu.

Na ce wa Darakta akwai buƙatar a maimaita gwajin. Ya ɓata rai, ya ce Mai Turare yana jira, amma ya ba ni 'yan kwanaki.

Ranar hutu na tafi gida. Na ɗauki rariyar shayin Mama, ina ji tana mita cewa an yi karatu an dawo ana sace mata kayan kicin, na durƙusa a bakin tafkin Baba na yi ta tacewa. Baba ya riƙe mini kwalba yana leƙawa.

"Ashe ina da waɗannan ban sani ba? Kin ga arziki."

Na ɓoye kwalbar a bayan firij ɗin ɗakin gwaji, inda ko mai shara ba ya kai tsintsiya. Na jira iyayen suka haihu, na tsince jariran. Wannan karon layi biyu na jera a kan tebur: na hagu ƙuman ofis, na dama ƙuman tafkin Baba. Ruwa ɗaya, sinadari ɗaya, ma'auni ɗaya.

Ba su ma jira kwana biyun ba. Washegari da na shigo, layin dama ya yi tsit. Daga kofin ƙarshe har zuwa wanda ɗigo kaɗan kawai na sa masa, duk suna kwance a ƙasa fari-fari kamar garin da ya zube. Na kofin shaida ne kawai, masu ruwa zalla, ke iyonsu. Layin hagu kuwa biki ake yi. Na zauna a kan kujera. Na ji tsoro, na kuma ji daɗi, domin a tunanina wannan ko makaho aka kawo sai ya gani.

Da lokacin ya cika na kira Darakta. Ya zo da Mai Turare, ƙarar makullai kuma ta biyo bayansu ba tare da an gayyace ta ba. Na yi musu bayani dalla-dalla, na nuna hagu, na nuna dama.

Darakta ya sunkuya a kan layin dama ya daɗe. "Waɗannan 'yan ina ne?"

"Daga wani tafki na ɗebo su, yallaɓai, a ƙasan rafin da za a saki ruwan."

"Suna da takardar asali?"

"Ƙuma ne, yallaɓai."

"Shi ne nake tambaya. Namu mun san iyayensu, mun san kakanninsu. Waɗannan ƙuman kan titi ne. Wa ya san abin da ke damunsu tun daga gida? Ƙila da ciwonsu suka zo."

Na tura masa kofin shaida. "Ga 'yan'uwansu nan a ruwa mai kyau, ras da su."

"Waɗannan lokacinsu ne bai yi ba."

Mai Turare ya gyara wuyan riga, ya yi murmushi. "Ranka ya daɗe, mu a kamfaninmu ba ma ɗaukar wanda bai da gogewa. Naku sun yi shekaru suna wannan aiki, sun san kansa. Waɗannan kuwa jiya-jiya aka kawo su. Ai dole su rikice."

Darakta ya ɗauki kofin ƙarshe na layin dama da gefen hankici, ya girgiza shi da ƙarfi kamar mai haɗa maganin tari. Gawarwakin suka tashi suna zagaye kofin.

"Ga motsi nan."

"Ruwan ne ke motsi, yallaɓai."

"Ke kika ce a juya a duba. Na juya, na duba."

Ya ajiye kofin, ya goge yatsunsa da kyau, ya ɗauki muryar da yake jawabin ƙarshen shekara da ita. "Matsalar ƙuman waje sangarta ce. Sun saba da ruwa mai kyau, shi ya lalata su. Halitta kuwa dole ta koyi juriya. Ki dubi ma'aikatan gidan nan. An ɗauke wuta, an ɗauke ruwa, an ɗauke motar ma'aikata, an ɗauke alawus. Wa ya faɗi?"

"Waɗanda suka faɗi ba sa nan balle a ƙirga su, yallaɓai."

Ya yi kamar bai ji ba. Shi kuwa Mai Sito, tun da aka fara magana idonsa yana kan kwalbar da na fito da ita daga bayan firij. Fuskarsa ta nuna tashin hankali na gaske.

"Ranka ya daɗe, ni abin da ya dame ni daban ne. An shigo da kaya gidan nan bai bi ta sito ba. In masu bincike suka zo suka ga ƙuma fiye da wanda ke hannuna, me zan ce musu?" Ya yi ɗan tunani, sai fuskarsa ta washe. Ya ɗauki kofin shaida da kwalbar, ya taka zuwa babban tanki, ya juye su ciki. "Shi ke nan. Sun shiga lamba."

Nan raina ya gama ɓaci. Na manta da yallaɓai, na manta da ranka ya daɗe. Na ce musu tafkin nan na mahaifina ne, kifin da ke ciki shi ne duk abin da ya tsira da shi bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan sitiyari, kuma idan aka saki ruwan nan kashe su za a yi. Na ce ba zan sa hannu ba ko za a kore ni.

Sai na ga Darakta ya saki fuska, irin ta mutumin da aka sauke wa kaya.

"Af! To ai da kin faɗa tun farko. Ashe kina da ra'ayi a cikin maganar." Ya juya ga Mai Turare cike da nadama. "Ka yi haƙuri. Mu a nan muna da ƙa'ida mai tsauri, ba ma yarda son zuciya ya shiga aikin kimiyya."

Da alƙalaminsa mai ruwan zinare ya sa hannu a kan sakamakon farko. Ni kuma aka mayar da ni sito, ƙarƙashin Mai Sito, wai in koyi darajar kaya. Na kai ƙara hukumar da ke sama da mu. Suka amsa mini cikin ladabi cewa duk wani koke sai ya biyo ta hannun Daraktana.

Na je na faɗa wa Baba komai. Ya saurara yana juya cokalinsa a hannu, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "To yanzu yaya za mu yi, Uwata?"

Na ce a toshe magudanar. Muka cika buhuna da yashi muka toshe ta. Na ce a sayar da kifin. Ya kamo ɗaya ya nuna mini, bai fi tsawon yatsa ba, ko mage sai ta yi shawara kafin ta karɓa. Saura rijiyar tsakar gida. Shi da Mama suka shiga jan guga, ni ma idan na tashi daga aiki in zo in karɓe su. Amma rijiyar wanki da girki aka haƙa ta, ba ta san da zancen tafki ba. Kafin a cika bokiti goma ta fara kawo laka.

Zafi ya matsa. Ruwan tafkin ya yi kore, ya yi kauri, ya fara wari. Kifayen suka taso sama suna buɗe baki suna haɗiyar iska, kullum sai an tsinci wasu a gefe. Baba ya daina yi musu faɗa. Ya rame, bayansa ya riƙe, tafin hannunsa ya yi kanta saboda igiya.

Rafin kuwa, tun da kamfani ya fara sakin ruwansa, bai taɓa yin kyau irin na lokacin ba. Ya yi garau har ana ƙirga duwatsun ƙasa. Babu gansakuka, babu kumfa, babu ko ɗan kwaɗo da zai dame shi. Baba yakan je ya tsaya a bakinsa ya daɗe, ya dawo ya kalli nasa koren ruwan.

"Uwata, ruwan nan fa ya fi da haske," ya ce da ni wata rana. "Kuma takardar da suka manna a ƙofar kamfani tambarin ofishinku ne a kai, na gani da idona. Ko dai ogan naku ya hango abin da ba ki hango ba? Ai ba banza ya zama oga ba."

Na roƙe shi. Na ce hasken nan na mutuwa ne. Ya ce ya ji. Amma ni ina sito ina rubuta lamba a jikin tsintsiya, shi ne ke zaune yana kallon kifinsa yana shaƙewa a gabansa. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Wata rana da hantsi ya janye buhu biyu, ya ce bari su ɗan sha sabon ruwa.

Mama ce ta kira ni washegari. Ba ta yi dogon bayani ba, ta ce in zo da manyan buhuna. Muka wuni muna kwashewa da rariya da kwando, muka binne su a bayan katanga. Baba bai taɓa ko ɗaya ba. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Da masu lambu suka fara surutu cewa rafi ya mutu, sai kamfani ya ga ya kamata a nuna wa jama'a rai. A nan ne abin al'ajabi ya faru: kwamitin zubar da kaya ya zauna. A babban ɗakin taron kamfanin ya zauna, cikin sanyin na'ura, da lemo da tarkacen ciye-ciye. Kujeru masu ƙafa uku ba su samu shiga ba, amma an amince a fitar da rabin ƙuman tankinmu kyauta, domin farfaɗo da rafi. Tunda kuwa fitar da kaya aikin sito ne, ni aka ɗora wa bokitin.

An kafa rumfa a bakin ruwa, an ɗaura ƙyalle, Darakta ya yanka. Ya karɓi bokitin daga hannuna daidai lokacin da mai hoto ya shirya, ya juye, aka yi tafi. Mai Turare ya tsaya can baya-baya don kada ruwan ya fantsar masa a takalmi. Ba a daɗe ba aka aiko a ɗebi ruwan rafin a duba. Aka samu ƙuma maƙil, fiye da yadda aka taɓa samu a tarihi. Darakta ya samu sabon allon yabo, sai da aka cire agogon bango kafin a sama masa wuri.

Na daɗe ban iya zuwa gida da yamma ba. Ranar da na daure na je, Mama ta nuna mini wajen tafki da haɓa. Baba bai sake toshe magudanar ba. Tafkin ya cika, ruwan ya yi garau, kana ganin ƙasansa tas. Yana zaune a kan bencinsa, kwanon silba a kan cinya.

Na gaishe shi, ya amsa. Sai na ɗauki kofin shan ruwansa na gilashi na kamfato daga tafkin, don dai hannuna ya samu abin yi. Na ɗaga shi sama. Ga su nan, sun biyo magudana sun iso, suna ta tsalle.

Ya miƙo hannu na ba shi. Ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana kallo.

"Su ne naku?"

"Su ne, Baba."

"Masha Allah. Lafiyayyu ne." Ya juya kofin a hankali, yadda na taɓa nuna masa, duk suka tashi. "Suna girma?"

"Iyakarsu ke nan."

"Me suke ci?"

"Komai. In babu ma, haƙuri suke yi."

Ya gyaɗa kai. "Ma'aikata ne ke nan."

Na so in yi dariya, sai kuka ya zo mini. Kunya ta kama ni, da baƙin ciki, da haushin da ban san inda zan sauke shi ba. Shi kuwa ya sunkuya da ciwon bayansa, ya mayar da su cikin ruwan sannu-sannu don kada ko ɗaya ta ji ciwo. Ya ɗebi ragowar abincin kifi daga kwanon, ya watsa.

"Baba, ba sa iya cin wannan."

"Bar su dai. Ba laifinsu ba ne."

Ya ɗauki cokalin ya ƙwanƙwasa kwanon, ya jira. Ruwan bai motsa ba. Abincin ya yi ta yawo a sama babu mai taɓa shi, muna zaune muna kallo har ya jiƙe ya nutse.